Rasit Ba Ya Sauke Zazzaɓi

Duk wanda ya taɓa leƙa harabar jami'a a makon rajistar sababbin ɗalibai ya san irin ɗawainiyar da ake ɗora wa yaro da iyayensa da sunan lafiya. Sai an ɗauki hoton ƙirjinsa, an ɗebi jininsa an gano rukuninsa, an duba ko yana da sikila, an gwada fitsari, an auna tsawo da nauyi, sannan likita ya sa hannu ya buga hatimi cewa wannan yaro zai iya ɗaukar wahalar karatu. Bayan haka kuma ya biya kuɗin asibiti cikin jerin kuɗaɗen makaranta, a ba shi rasit, a yanka masa kati. To, daga wannan rana hukuma ta gama da batun lafiyarsa. Takardun nan za a ɗaure su da zare a jibge a wani ɗaki, babu mai sake waiwayarsu sai gara da ɓeraye.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, maimakon sharhin waƙa ko na ƙagaggen labari da aka saba gani daga gare mu a wannan mujalla, shi ne wani abu da muka gani da idonmu. Wani dare cikin damina, wajen ƙarfe goma da rabi, muna dawowa daga gaisuwar rasuwa, muka tsaya a Mararaban Rido domin sayen maganin mura a wani kemis da ke bakin titi. Ga wanda bai san wurin ba, Mararaban Rido tana kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, cikin ƙaramar hukumar Chikun, daura da matatar man fetur ta Kaduna. Wanda ya taso daga Kafanchan ko Zonkwa ko Kachia ta wannan hanya, idan ya iso nan sai ya yi ajiyar zuciya, domin ya san daji ya ƙare, ya shigo bakin gari.

Muna tsaye sai ga wata tsohuwar motar haya ta ci birki. Samari huɗu ne a ciki ban da direba. Uku suna zaune a baya, sun shimfiɗe na huɗun a kan cinyoyinsu, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu sama yana riƙe da ledar ƙarin ruwa. Ledar ta ƙare tun a hanya, har jini ya fara komowa cikin robar. Suka fito da gudu suna roƙon mai kemis ya ba su wata ledar, alhali abin da ya rage a aljihunsu duka bai kai kuɗinta ba.

Muka ce, "Samari, daga ina haka da daren nan?"

Babbansu ya ce, "Malam, daga makaranta muke. Tun la'asar aka ce mu kai shi Kaduna."

"Ina motar asibitin makarantar taku?"

"Tana nan, ranka ya daɗe. Cewa aka yi babu mai, kuma direban ya riga ya tashi."

Mai sikila ne yaron, ciwon ya taso masa tun da safe, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Daga la'asar zuwa magariba abokansa suna bin ɗaki ɗaki suna karo-karo domin su sami kuɗin shatar mota. Takardar da aka ba su ta tura shi babban asibiti kuwa, wani yanki ne da aka yago daga littafin rubutu, layi uku, babu hatimi. Da aka buɗe jakarsa ana neman lambar wayar iyayensa, sai ga katin asibitin makaranta da rasit na kuɗin lafiya, an naɗe su tsaf cikin leda don kada ruwa ya taɓa su. Ba za mu ambaci sunan makarantar ba. In muka ambata, sauran za su karkaɗe riga su ce ba da su ake ba, alhali kuwa duk kanwar ja ce.

Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. An yi masa ƙarin jini, ya yi kusan mako biyu a kwance, ya tashi. Amma da ya zo yi mana godiya bayan wata uku, sai ya ba mu ragowar labarin, wanda a ganinmu ya fi na farkon ɗaci. Jarrabawa biyu sun wuce shi yana gadon asibiti. Ya kai takardar likitan da ya yi jinyarsa, aka ce ba a karɓar takardar asibitin waje sai asibitin makaranta ya tabbatar da ita. Ya je asibitin makaranta, aka ce ba za a tabbatar da jinyar da ba a gani ba. Wato wurin da ya kasa yi masa magani, ya kasa ba shi mota, shi ne kuma aka naɗa alƙalin da zai yanke hukunci ko da gaske ya yi ciwo.

Bari mu fara da nisa, domin shi ne abin da masu zaune a ofis ba su cika lissafawa ba. Kudancin Jihar Kaduna cike yake da manyan makarantu. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, jami'ar da aka kafa a 2004. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Kafanchan, sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar jami'a a Kachia. Dubban matasa ke nan, yawancinsu nesa da iyayensu. Manyan asibitocin koyarwa kuwa, na Barau Dikko yana cikin garin Kaduna, na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, gaba da Zariya. Daga Kafanchan zuwa Kaduna kusan kilomita 200 ne, ta Kachia da Kufana da Kasuwan Magani da Kujama, hanyar da ko lafiyayye ba ya son dare ya yi masa a kanta. Saboda haka idan malamin asibiti ya rubuta "a kai shi Kaduna" ya miƙa wa yara 'yan shekara 19 ko 20, ya kamata ya san abin da ya rubuta. Ya ɗora musu tafiyar awa uku ko huɗu ne da maras lafiya a cinya, cikin ramuka da shingayen jami'an tsaro da fargabar masu garkuwa da mutane. Alhaji na cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, shi dai da ƙafarsa da lafiyarsa ya fita.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne muke da babbar magana. Kuɗin nan da ɗalibi ke biya ba sadaka ba ce. Tun 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, ta fara aiki a 2005, kuma a ƙarƙashinta aka tsara wani shiri na musamman domin ɗaliban manyan makarantu, wanda ake kira TISHIP. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa. A takarda shirin ɗaliban yana da kyau. Kowa ya ba da kaɗan, a tara, wanda ciwo ya kama a duba shi, a yi masa gwaji, a ba shi magani, in ta kama a kwantar da shi ko a tura shi babban asibiti ba tare da an ce ya kawo kuɗi a lokacin ba. Shekaru da dama abin da ake karɓa a makarantu masu yawa naira 2,000 ne a shekara. Mu ɗauka makaranta tana da ɗalibai 15,000. Naira miliyan 30 ke nan duk shekara, ban da abin da wasu makarantun ke karɓa daban da sunan kuɗin asibiti ko na gwajin sababbin ɗalibai. Tambayarmu mai sauƙi ce. Wane ɗalibi ne ya taɓa ganin lissafin wannan kuɗi a manne a allon sanarwa? Wa ya san sunan kamfanin inshorar da ke riƙe da kuɗinsa? Nawa aka tara, nawa aka ba asibitin makaranta, nawa aka sayi magani, mutum nawa aka tura babban asibiti aka biya musu? Mun yi shekaru muna koyarwa, mun zauna a kwamitoci iri iri, mun ga ana manna sunayen waɗanda ba su biya ba, amma ba mu taɓa ganin an manna inda kuɗin waɗanda suka biya ya shiga ba.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce naira 2,000 ba ta sayen komai a yau. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi. A wannan shekarar kuma kamfanin magunguna na GSK ya ba da sanarwar daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, farashin abin shaƙar masu asma da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya ninka. Za a ce babu likitoci, kuma wannan ma gaskiya ne. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Wanda ya rage kuwa, me zai zaunar da shi a ɗakin shan maganin makaranta? Mun san nas ɗin da ke kwana ita kaɗai da fitilar waya, ta sayi safar hannu da kuɗinta, kuma ba da irinta muke ba. Har ila yau mun san cewa a Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Duk mun yarda. Amma idan kuɗin bai isa ba, a fito da lissafi a nuna cewa bai isa ba, a zauna da ɗalibai da iyaye a tattauna abin da za a ƙara da abin da za a samu in an ƙara. Wanda ya ɓoye lissafi kuma yake kukan rashi, shi ya jawo wa kansa zargi. Bugu da ƙari, ba mu taɓa jin an fasa bikin yaye ɗalibai don babu mai ba, ba mu kuma taɓa jin motar wani babba ta kwana babu direba ba.

Akwai masu cewa jami'a ba asibiti ba ce, aikinta koyarwa da bincike. To, ai jami'ar ce ta tara yara shida, takwas, wani lokaci goma a ɗakin da aka gina don mutum huɗu. Ita ta bar kwatami ya toshe a bayan ɗakunan kwana, ita ta bar tagogi babu raga, a ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya baki ɗaya. Cunkoso da zafi su ne abincin sanƙarau, kuma mu 'yan Arewa ba baƙinsa ba ne. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. A watan Maris na 2025 ya shiga jami'ar Jihar Kebbi da ke Aliero ya ɗauke ɗalibai. A 2023 mashaƙo ya ɓulla a cikin garin Kafanchan ya kashe yara. Wanda ya tara jama'a a wuri ɗaya, ya karɓi kuɗinsu da sunan lafiya, ba shi da bakin cewa ciwonsu ba ruwansa. Doka ma ba ta bar shi ba, domin sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin taimakon wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane irin dalili. Amma ɗalibi nawa aka ce wa ya koma ɗaki ya ɗauko kati, yana numfashi da ƙyar?

Komawa ga waɗancan takardu da aka ɗaure da zare. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, babu ajin da za a rasa mai ita ko mai asma ko mai farfaɗiya. Jami'a ta san su da sunayensu tun ranar rajista, domin ita ta tilasta musu gwajin. Me zai hana a ware sunayen nan cikin sirri, a ba su gadon ƙasa a ɗakin da ke kusa da asibiti, a tanadi maganinsu, a san rukunin jininsu da waɗanda za su iya ba su? Wannan ba ya bukatar miliyoyi. Mutum ɗaya mai kishi da littafi ɗaya sun isa.

Akwai kuma ciwon da ma'aunin zafi ba ya nunawa, kuma a nan dole mu sake ambaton Mararaban Rido. A ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke wannan yanki suka kwashe ɗalibai fiye da 120. Kafin nan, a watan Maris na wannan shekarar, an kwashe 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a watan Afrilu kuma aka shiga Jami'ar Greenfield, inda aka kashe biyar daga cikin waɗanda aka kama. Yaran da suke sakandare a wancan lokaci, da ƙannensu da maƙwabtansu, da 'ya'yan waɗanda aka kora daga ƙauyukan Chikun da Kajuru suka fake a bakin gari, su ne suka shigo azuzuwanmu daga baya. Muna ganin yaron da ke zabura in an buga ƙofa da ƙarfi, da yarinyar da ba ta barci, da wanda ya koma ga ƙwaya don ya manta. Mu kuwa sai mu rubuta a gaban sunansa cewa ba ya mai da hankali. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa. Me ya hana makarantunmu su nemi ma'aikacinsa ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a wata? Ofishin ba da shawara da muke da shi a mafi yawan wurare allo ne a jikin ƙofa da kwaɗo a kanta.

Kada mai karatu ya ɗauka mun wanke kanmu. Mu malamai muna da namu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Mu ne muke cewa ɗalibi ƙarya yake yi tun kafin ya gama bayani. Mu ne muke ƙin sake ba da gwaji don ƙyuyar tsara sababbin tambayoyi. Mu ne muke zaune a majalisar jami'a aka zartar da ƙa'idar da ta cinye wa wancan yaro shekara, ko irinta, muka ɗaga hannu muka amince don a tashi da wuri. Mun yi yajin aiki na wata takwas a 2022, mun iya rubuta takardar koke mai shafi ashirin a kan alawus, amma sau nawa muka tsayar da taro a kan cewa babu allurar zazzaɓi mai tsanani a asibitin da ɗalibanmu ke zuwa? Dalilin a fili yake, mu da iyalanmu ba can muke zuwa ba. Haka su ma shugabannin ƙungiyar ɗalibai, waɗanda ba a jin muryarsu a kan asibiti sai an fitar da gawa. Sannan a fasa gilasai, a rufe makaranta, kamar yadda ya faru a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a watan Oktoba na 2021 bayan rasuwar wata ɗaliba, a kafa kwamiti, a dawo, a ci gaba daga inda aka tsaya. Da sun nemi kujera a kwamitin da ke kula da kuɗin inshora, suka nace sai an karanta musu lissafi kowane zangon karatu, da ya fi musu jifa amfani.

Yanzu wata dama ta samu wadda ba a da ita a daren da muke magana. A 2025 aka mayar da asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan cibiyar lafiya ta Gwamnatin Tarayya. Abin da ya kamaci kowace babbar makaranta a yankin shi ne ta je ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da wannan cibiya, yadda katin ɗalibi zai wadatar a karɓe shi a kowane lokaci, a bi makaranta ko kamfanin inshora bashin daga baya. A ware man motar asibiti daban, a ba wa nas mai kwana ikon fitar da ita ba sai an tashi wani babba daga barci ba, a manna lambar direban dare a ƙofar kowane ɗakin kwana. A kuma soke ƙa'idar da ke ƙin takardar asibitin gwamnati, musamman idan asibitin makarantar ne da kansa ya tura yaron can. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma a shirye muke mu maimaita duk abin da muka rubuta a nan a gaban kowane kwamiti da aka kira mu.

Shi dai yaron da muka haɗu da shi a Mararaban Rido, abokan da suka riƙe masa ledar ruwa sun gama sun tafi hidimar ƙasa sun bar shi. Da ya koma rajistar shekarar da aka tilasta masa maimaitawa, an sake karɓar kuɗin asibiti a hannunsa, an kuma sake ba shi rasit.